Yadda ake gina fom na intanet a cikin manhajar tafiyar da kasuwanci, da yadda ake kula da shi

Mafi yawan manhajojin tafiyar da kasuwanci na yanzu, irin su Odoo, ERPNext, Zoho CRM, HubSpot, Salesforce da Bitrix24, suna da wurin gina fom a cikinsu. Babban amfaninsa shi ne abin da mutum ya rubuta yana faɗawa kai tsaye cikin rumbun bayanan kamfani, ba sai an zaunar da ma'aikaci yana kwafa daga imel yana sake shigarwa ba. Jera gurabe a kan fom ba wani aiki ba ne, da linzamin kwamfuta ake jawo su a ajiye. Aikin yana ga abin da ke biyo bayan danna maɓallin aikawa: ina bayanin ya sauka, wa ya gan shi, wa zai kira mai shi. Shi ya sa a ganina daga can ake fara gini, kala da ado su zo a ƙarshe.

Bari mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe. Kamfani ne da ke girka na'urorin sola a gidaje da ofisoshi, yana son fom da masu neman a yi musu ƙiyasin kuɗin aiki za su riƙa cikewa.

Mataki na farko: me fom ɗin zai haifar a cikin manhaja?

Kafin ka buɗe wurin gini, amsa wannan tambayar a takarda. Duk wanda ya cike fom, manhaja za ta buɗe masa rikod, wato shafin bayanansa a cikin rumbu, kuma kai ne za ka ce wane iri. Mai neman ƙiyasi bai zama kwastoma ba tukuna, mai nuna sha'awa ne, don haka a sashen ciniki ya kamata ya sauka. Wanda batirinsa ya lalace yana kawo ƙorafi, nasa tikiti ne a sashen kula da kwastomomi. Mai neman aiki kuma sashen ɗaukar ma'aikata zai nufa.

Kowace manhaja da yadda take yi maka wannan tambayar. A Odoo, idan ka ajiye fom a shafinka, za ka zaɓi abin da zai yi: ya aika imel, ko ya buɗe damar ciniki, ko tikiti, ko takardar neman aiki, gwargwadon sassan da ka girka. A ERPNext kowane fom a ɗaure yake da nau'in takarda ɗaya tun daga farko. Salesforce yakan ba ka rubutun HTML ne, wato yaren da ake gina shafukan intanet da shi, ka liƙa a shafinka, kuma hanyarsa ta karɓar masu nuna sha'awa daga intanet tana da iyakar 500 a rana.

Shawarata a nan: fom ɗaya, aiki ɗaya. Fom ɗin "tuntuɓe mu" da ake zuba masa ƙorafi da neman aiki da neman farashi yana da sauƙin ginawa, amma kullum sai wani ya zauna yana tsince su ɗaya bayan ɗaya, kuma wannan tsincewar ita ce aikin da aka sayi manhajar don a huta da shi.

Mataki na biyu: shirya gurabe a rumbu tukuna

Buɗe rikod na mai nuna sha'awa a manhajarka, ka duba guraben da ke ciki. Suna, imel, lambar waya da sunan kamfani galibi suna nan. Abin da babu, kamar "nau'in gini" ko "akwai janareta?", ka ƙirƙire shi a rikod ɗin kafin ka sa shi a fom. Dalili kuwa, a wasu manhajojin gurbin da aka ƙirƙira a kan fom kawai ba shi da mazauni a rumbu, sai a tattara amsarsa a zuba a sashen sharhi. Za ka iya karanta ta, amma ba za ka iya tacewa ko fitar da rahoto da ita ba. Ranar da shugaba ya ce a kawo masa adadin ofisoshin da suka nemi ƙiyasi a wata uku, sai ka koma ƙirga da hannu.

Nau'in gurbi ya fi sunansa muhimmanci, kuma a nan ne ya kamata ka ɓata lokaci.

Duk tambayar da amsoshinta sanannu ne, ka mai da ita jerin zaɓi. Idan ka bar "nau'in gini" a buɗe, wani zai rubuta "gida", wani "gidana", wani "gidan haya", wani ya rubuta da Turanci, kuma manhaja za ta ɗauke su abubuwa huɗu daban. Ka ba su gida, ofis, shago, masana'anta, sai "wani daban" da ɗan fili a gabansa. In zaɓin bai wuce huɗu ko biyar ba, ka baje su a fili mutum ya gan su gaba ɗaya. In suna da yawa, kamar jerin ƙasashe, sai ka sa jeri mai saukowa.

Lambar waya ita ce ɗan hakin da ka raina. Kada ka ba ta gurbin lissafi, domin gurbin lissafi yana zubar da sifirin farko, kuma ba ya karɓar alamar tarawa. Ka zaɓi gurbin waya na musamman, wanda a wayar hannu ma yake fito wa mutum da madannan lambobi. In akwai hali, a ajiye lambar a tsarin ƙasa da ƙasa na E.164: alamar tarawa, lambar ƙasa, sannan lambar mutum ba tare da sifirin farko ba, duka bai wuce lamba 15 ba. Da wannan tsarin manhajojin aika saƙon tes da na WhatsApp suke aiki, kuma shi ke hana mutum ɗaya ya zama mutum biyu don yau ya rubuta da sifiri gobe ya rubuta da lambar ƙasa.

Kwanan wata ma haka. Idan mutum ya rubuta 03/04/2025, a Amurka 4 ga Maris ke nan, a yawancin sauran ƙasashe kuwa 3 ga Afrilu. Ka sa gurbi mai kalanda ya zaɓa da kansa, magana ta ƙare.

Sai suna. Wasu sukan sa wa gurbin suna doka cewa haruffan Turanci kawai zai karɓa, wai don tsabta. Sakamakon shi ne duk mai suna Asma'u ko Sa'adu za a ce masa sunansa ba daidai ba ne, haka mai ƙ ko ɗ ko ɓ a sunansa, haka mai rubutu da Larabci ko Faransanci. Ka bar gurbin suna a sake. Kuma ka yi tunani ko da gaske kana buƙatar raba shi gida biyu. Manhajoji da yawa, ciki har da Salesforce da Zoho CRM, suna tilasta a cike gurbin sunan ƙarshe, don haka in ka zaɓi gurbi ɗaya na cikakken suna, sai ka san inda za ka kai shi.

Mataki na uku: rage tambayoyi

Yanzu ka buɗe wurin gini ka jera guraben. Kowace tambaya ka tsayar da ita ka tambayi kanka: wa zai yi amfani da amsar nan, kuma yaushe? In ba ka iya faɗin sunan sashe ba, cire ta. Mai neman ƙiyasin sola ba sai ya faɗi ranar haihuwarsa ba. Cikakken adireshi ma ana iya bari sai an kira shi, sunan gari ya isa a san wa za a tura masa.

Guraben da ake tilasta cikewa su zama kaɗan: suna, hanyar tuntuɓa ɗaya, da abin da yake nema. In ka tilasta abin da mutum ba ya son bayarwa, ko ya tafi, ko ya rubuta maka ƙarya, kuma ƙaryar ta fi gurbin da aka bari fayau illa.

Mafi yawan manhajojin suna da sharaɗin nuna gurbi. Ka yi amfani da shi: tambayar "ma'aikata nawa ne?" ta fito ga wanda ya zaɓi ofis kawai, "girman janareta" ta fito ga wanda ya ce yana da shi. Abin lura ɗaya, gurbin da ka ɓoye kada ya kasance na dole a can cikin rumbu, in ba haka ba fom zai ƙi tafiya, mutum kuma ba zai ga dalili ba.

Sunan kowane gurbi ya zauna a samansa. Rubutun nan mai dishi-dishi da ake sawa a cikin gurbi yana ɓacewa da zarar an fara rubutu, sai mutum ya manta me aka tambaye shi. Maɓallin ƙarshe kuma ya faɗi abin da yake yi, kamar "A turo mini ƙiyasi".

Mataki na huɗu: haɗa gurabe, da matsalar maimaici

Bi guraben ɗaya bayan ɗaya ka tabbatar kowane yana zuba amsarsa a gurbin da ya dace a rikod. Aiki ne mai gundura, amma a nan ake samun sunan gari ya faɗa gurbin sunan kamfani, a yi wata guda ba wanda ya lura.

Ka ƙara ɓoyayyun gurabe, waɗanda mai cikewa ba ya gani. Ɗaya ya ɗauki sunan fom ɗin, don a san ta wace ƙofa mutum ya shigo. Sauran su kama alamomin da ake liƙawa a ƙarshen adireshin shafi, wato utm_source, utm_medium da utm_campaign, waɗanda ke nuna ko daga tallar Facebook ya zo ko daga imel. Ba tare da su ba, mai kula da talla hasashe kawai zai riƙa yi.

Sannan babbar tambaya: in mutum ya cike fom sau biyu fa? Zai faru, domin mutane sukan sake aikawa in ba a kira su da wuri ba. Dole ka san da me manhajarka take gane mutum. HubSpot da adireshin imel yake ganewa: in imel ɗin yana nan, sai ya sabunta tsohon rikod da sababbin amsoshi. Wasu manhajojin sabon rikod suke buɗewa kowane lokaci, sai ka kunna dokar gano maimaici da kanka. Kowace hanya da haɗarinta. Ta farko tana iya shafe lambar waya mai kyau da wadda aka rubuta da kuskure. Ta biyu tana sa ma'aikata biyu su kira mutum ɗaya, kowa da farashin da ya faɗa masa. Ni na fi son a sabunta tsohon rikod, amma a ajiye kowace aikawa a tarihinsa, yadda za a iya komawa a ga abin da ya rubuta a baya.

Akwai wani tarko ga masu ajiye kwamfuta ko waya ɗaya a wurin baje koli mutane suna cikewa bi da bi. Wasu manhajojin suna tuna burauzar da aka cike fom da ita, sai su ɗauka duk mutum ɗaya ne, na biyu ya hau kan bayanan na farko. HubSpot yana da saitin da ke sa a buɗe sabon rikod ga kowane sabon imel. Nemi irinsa a taka manhajar kafin ranar taron.

Mataki na biyar: abin da ke faruwa bayan an aika

Abu uku za ka saita. Na farko saƙon da mutum zai gani a allo. "Mun gode" kaɗai bai isa ba, ka gaya masa me zai biyo baya da yaushe, kuma kada ka yi alkawarin da ma'aikatanka ba za su iya cikawa ba. In kwana biyu na aiki kuke ɗauka, ka rubuta kwana biyu.

Na biyu imel na tabbatarwa. Ka aika shi daga adireshin kamfani, kuma ka sa mai kula da sunan shafinku ya saita SPF da DKIM, waɗanda ke shaida cewa manhajar tana da izinin aika imel da sunanku. Tun Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka tsaurara wannan sharaɗin, imel da ba shi da shaidar yakan ƙare a akwatin shara ko a ƙi karɓarsa. Adireshin da ba a karanta amsarsa kuma ka guje shi, domin mutane sukan amsa imel ɗin da ƙarin bayani.

Na uku, wanda ya fi su duka, shi ne mai rikod. Kowane rikod ya sauka da sunan ma'aikaci ɗaya a kansa, ko ta dokar yanki, ko ta nau'in gini, ko ta karɓa-karɓa. Tura sanarwa ga mutum shida a lokaci guda yana kama da tsari, amma kowa zai zaci ɗan'uwansa ya kira. Ka sa manhaja ta buɗe wa mai rikod ɗin aikin "kira wane" da wa'adi, in wa'adin ya wuce ta sanar da shugaban sashe. Ka kuma tanadi wanda zai karɓi duk rikod ɗin da bai dace da kowace doka ba.

Mataki na shida: shara, izini da sirri

Fom ɗin da ke buɗe a intanet ba ya daɗewa kafin manhajojin da ke yawo suna cike fom da tallace-tallacen banza su gano shi. Kunna kariyar da manhajarka take da ita, ko reCAPTCHA na Google, ko hCaptcha, ko Turnstile na Cloudflare. Akwai kuma wata dabara mai sauƙi: gurbin da ido ba ya gani amma waɗancan manhajojin suna cike shi, duk aikawar da ta zo da shi a cike sai a watsar. Zoho CRM yana ba ka damar riƙe rikod sai wani ya amince kafin ya shiga rumbu, abin da ke da amfani in sharar ta yi yawa.

In kana son ka riƙa tura wa mutum tallace-tallace daga baya, ka nemi izininsa a akwati na daban, wanda shi zai sa wa alama da hannunsa. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, GDPR, wadda ta fara aiki ranar 25 ga Mayu 2018, ba ta ɗaukar akwatin da aka riga aka sa wa alama a matsayin izini, kuma tana iya hawa kan kamfanin da ke wajen Turai in yana sayar wa mazauna can. Ƙasashe da yawa sun yi nasu dokokin masu kama da ita, ka duba ta inda kake aiki. Ka ajiye ranar da aka ba da izinin da kalmomin da mutum ya amince da su.

Lambar katin banki da kalmar sirri ba sa shiga fom na yau da kullum ko kaɗan. In akwai biyan kuɗi, ka haɗa fom ɗin da kamfanin karɓar kuɗi irin su Stripe ko PayPal, su riƙe lambar katin. In za a ɗora fayil, kamar hoton rufin gida, ka iyakance nau'insa da girmansa, ka kuma duba cewa ba kowa mai adireshin fayil ɗin ne zai iya buɗe shi ba.

Mataki na bakwai: gwaji, sannan wallafawa

Gwada shi kamar baƙo, a burauzar da ba ka shiga manhajar da ita ba, kuma a wayar hannu. Cike shi daidai sau ɗaya. Sannan ka yi masa mugunta: bar guraben dole fayau, rubuta imel ba alamar @, sa suna mai ƙ da ɗ, danna maɓallin aikawa sau biyu da sauri, sake aikawa da imel ɗaya. Bi kowane reshe na sharuɗɗan da ka saita. Bayan kowane gwaji ka buɗe rikod ɗin ka gani da idonka, ka tambayi ma'aikacin ko sanarwa ta iso shi. In a iPhone ka ga shafin yana zuƙowa da kansa duk lokacin da ka taɓa gurbi, rubutun guraben ne bai kai girman pixel 16 ba. Goge rikodin gwaji in ka gama, kada su shiga rahoto.

Wallafawa hanya biyu ce: ko ka raba adireshin fom ɗin kai tsaye, ko ka liƙa ɗan rubutun da manhaja ta ba ka a shafin kamfani. In HTML ne tsantsa ka kwafa, irin na Salesforce, ka sani gyaran da ka yi daga baya ba zai bayyana a shafin ba sai ka sake kwafowa. Shafin kuma ya kasance mai https a farkon adireshinsa, wato mai tsare bayanan da ake aikawa.

Kula da shi bayan ya fara aiki

Fom yakan mutu shiru. An canza wani gurbi a rumbu ya zama na dole, ko ma'aikacin da ake tura wa rikod ya bar aiki an rufe asusunsa, sai aikawa ta daina shiga, kowa kuma ya ɗauka kasuwa ce ta yi sanyi. Maganinsa a ba mutum ɗaya alhakin kowane fom, ya riƙa duba adadin aikawa duk mako, ya kuma cike shi da kansa duk wata da duk lokacin da aka sabunta manhajar. Cikin jerin abubuwan da ake yi in ma'aikaci zai tafi, a ƙara "cire shi daga dokokin rabon rikod".

Gyaran fom mai aiki yana son hannu mai sanyi. Cire gurbi daga fom ba ya taɓa tsofaffin amsoshi, amma goge shi daga rumbu yakan tafi da duk abin da aka taɓa rubutawa a cikinsa. Canza sunan zaɓi, a ce "shago" ya koma "kanti", yana iya raba rahotonka biyu ko ya karya dokar da ke dogara da tsohon sunan. In gyaran babba ne, kwafi fom ɗin, gyara kwafin, gwada shi, sannan ka musanya. Izinin gyara fom kuma a taƙaita shi ga mutum biyu ko uku, izinin ganin amsoshi ga sashen da abin ya shafa.

Lokacin fitar da bayanai zuwa Excel ka yi hattara. In ka buɗe fayil ɗin CSV, wato wanda manhaja ta fitar maka da bayanan a ciki, da dannawa biyu kawai, Excel yakan zubar da sifirin farkon lambobin waya, ya mai da dogayen lambobi wani abu kamar 2.35E+12, wani lokaci kuma ya dagula ƙ da ɗ da ɓ. Ka shigo da fayil ɗin ta sashen shigo da bayanai, ka zaɓi tsarin haruffa na UTF-8, ka ce layin waya rubutu ne ba lissafi ba. Kuma kada ka mayar da fayil ɗin da ya lalace cikin manhaja, domin zai hau kan bayanai masu kyau.

Daga ƙarshe akwai rufewa. Fom ɗin talla ko na taro da lokacinsa ya wuce, kada ka goge shi, kashe shi za ka yi, domin tsofaffin rikod suna ɗauke da sunansa. Adireshinsa yana nan a tsofaffin saƙonni da takardun da aka raba, don haka ka sa ya nuna cewa an rufe, ya kuma kai mutum ga fom ɗin da ke aiki yanzu. Amsoshin da aka tara kuma a yanke musu wa'adi tun farko: mai neman ƙiyasin da bai saya ba, bai kuma ba da izinin talla ba, in wa'adin ya cika a goge bayanansa, har da hotunan da ya ɗora.